Rigar Kaka a kwamfuta: yadda aikin aska takwas ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau dai Baffa ya buɗe akwatin. Tun bara nake bin sa da maganar, kullum sai ya ce in bari a samu natsuwa. Da hantsi ya aiko yaro shago, wai in zo bayan la'asar, in taho da wayata. Na rufe shagon kayan babur da wuri, na ɗauki ƙanwata muka nufi unguwar Marware, a nan Garwa ta Kamaru.

Rigar Kaka ce, mahaifin su Baffa da Babanmu, wanda aka sa mini sunansa. Saƙi ce, shuɗiya mai zanen zabo, an haɗa ta da siraran ƙyallayen saƙar hannu, kowanne bai wuce faɗin yatsu uku ba. Aikin gabanta aska takwas ne, uku a sama wajen wuya, biyar a kan aljihu, ga tambari a dama, duk da zaren tsamiya. Shi ya yi abinsa da hannunsa. Asu ya ci gefen hagu, kafaɗa ta fara rabuwa, in ka ɗaga ta da ƙarfi kana jin zare yana tsinkewa. In aka bar ta haka, jikokinmu tsumma za su tarar.

Abin da na ƙudurta shi ne in zana aikin a kwamfuta, a buga shi a girman A2, wato santimita 42 a 59.4, a sa a gilashi a rataye a zauren gidan kafin ƙaramar sallah. Zane ba sana'ata ba ce, abin hira ne bayan isha'i. Kayan aikina tsohuwar kwamfuta ce ta hannu mai RAM giga 4, da ƙaramin allon zane mai alƙalami da na saya hannu na biyu, sai manhajojin zane biyu, Inkscape da Krita, waɗanda kyauta ake sauke su.

Mun shimfiɗa rigar a tabarma a tsakar gida. Hazon hunturun nan da kowa ke ƙorafi a kai ya yi mana rana, don ya tace hasken, babu inuwa mai kaifi. Ƙanwata ta hau benci ta ɗauki hotuna daga sama da wayarta, don kyamararta ta fi tawa. Na ajiye tef ɗin tela a gefen rigar saboda awo.

Lahadi, 12 ga Janairu

Wauta ta farko. Ta turo mini hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, ni ma ban ce mata komai ba. Na buɗe a kwamfuta, na ga hoton da ya kamata ya zama 4000 a 3000 ya dawo 1600 a 1200. Da na zuƙo wajen aljihu don in ga ɗinkin, sai murabba'ai ƙanana masu launi suka cika fuskar kwamfutar, zare ya narke ya zama kunu.

Halin rasta ke nan, zanen ɗigo. Hoton waya tabarma ce ta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da launinsa, kuma adadinsu ƙidayayye ne. In an zubar da wasu don fayil ya yi sauƙin aikawa, sun tafi ke nan, babu dabarar da za ta dawo da su. Da na yi wa ƙanwata wannan bayani, abin da ya dame ta kawai shi ne sunan. Wai ita Rasta ɗaya ta sani, mai tukkun gashi.

Ta sake turowa a matsayin fayil, suka zo cif.

Asabar, 18 ga Janairu

Na so in yi wayo. Inkscape na da hanyar da za ka ba shi hoto ya bi gefunansa da kansa ya mayar da shi layuka, da Shift+Alt+B ake kiran ta. A ƙarƙashinta wata manhaja ce mai suna Potrace, ta Peter Selinger. Ga tambarin shago baƙi a kan fari, aikinta babu wasa. Amma saƙi ba farar takarda ba ce. Zanen zabon nan, fari-fari cikin shuɗi, duk ta ɗauke shi a matsayin abin zanawa. Na samu ƙulli, wato wuraren da layi ke tsayawa ko ya lanƙwasa, sama da dubu arba'in, kwamfuta ta yi ta nishi, abin da ya fito kuma kamar kaji sun yi tono a kan toka. Na danna Ctrl+L don a rage ƙullin, bakin askar ya zama kamar na ludayi. Na goge duka.

Da hannu za a yi. Manhajar tana jera zane shimfiɗa kan shimfiɗa, sai na kulle hoton a ta ƙasa, na rage masa haske, na buɗe wata shimfiɗar a kai, na ɗauki alƙalamin Bézier.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba: a bekta, zanen layi, kwamfuta ba ta ajiye ɗigo. Umarni take ajiyewa, tashi daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can. Kana dasa ƙulli, kowane ƙulli yana da hannuwa biyu, in ka ja hannun sai layin ya bi shi ya lanƙwashe. Na fi gane abin da na tuna yadda muke lanƙwasa wayar birki a shago, a riƙe nan a riƙe can, tsakiya ta yi baka da kanta. Sunan na Pierre Bézier ne, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da lissafin wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Paul de Casteljau na Citroën ya riga shi tun 1959, amma kamfaninsa ya riƙe abin a matsayin sirri, sai sunan ya bi wanda ya fito fili. Ko a can ma, wanda ya yi shela shi ake sani.

Fayil ɗin SVG, wanda Inkscape ke adana zane a cikinsa, shi ma rubutu ne zalla. Na buɗe shi da manhajar rubutu don in gani da idona, lambobi ne jere. Shi ya sa ko ka buga a girman tambarin wasiƙa ko a bangon filin wasa na Rumde Ajiya, kaifin layin ɗaya ne.

Aska guda na gama yau. Ƙulli bakwai kacal.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Aikin awa biyu ya bi ruwa. Yanzu ɗan yatsana na hagu a kan Ctrl+S yake kwana.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar matasa, hutu, gari duk 'yan makaranta da fareti. Ban buɗe shago ba, na zauna daga safe har magariba.

Na gano abin da ya rage mini wahala. Maimakon in zana aska takwas ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki wadda ta fi kyau na yi mata tagwaye da Alt+D. Irin waɗannan tagwayen suna bin uwarsu, in ka gyara ta asali duk sai su gyaru tare. Na jera biyar na aljihu da tazara iri ɗaya, na jera uku na sama. Tambari kuwa, akwai abin zana dunƙulen da'ira a shirye, ka faɗa masa zagaye nawa kake so, shi ke nan. Ɗinkin cikin askar na zana guda ɗaya, ɗan siriri mai kamar ƙwayar shinkafa, na sa shi ya maimaita kansa a kan layi. Cikin minti kaɗan aska ta cika da ɗinki, abin da ya ci wa Kaka makonni.

A hoton na lura askar ta huɗu a aljihu ta karkace, bakinta ya kauce hagu, ɗinkinta manya-manya ne ba kamar sauran ba, kuma zarenta ya fi fari. Na ce tsufan riga ne, ko kuma idon Kaka ya fara rauni a lokacin. Na miƙe ta, na daidaita launin da na 'yan'uwanta.

Na tura wa abokai biyu, suka ce kamar daga Dubai. Na kwanta ina jin kaina.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na buga gwaji a A4 baƙi da fari a wani shagon kwafi, na kai wa Baffa. Na same shi a zaure ya dawo daga kasuwar Pitowa, yana jiƙa goro. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya juya takardar ta baya kamar akwai wani abu a can, ya sake juyo ta.

"Mai sunan Baba, wannan rigar wa ce?"

"Ta Kaka ce, Baffa."

"A'a. Wannan irin ta keken Sin ce da ake yi a kasuwa. Ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ba ta Baba ba ce."

Na yi shiru. Ya ce a ɗauko akwatin. Ya shimfiɗa rigar a cinyarsa, ya sa yatsa daidai kan aska ta huɗu, wadda na miƙe.

"Ina wannan?"

Na ce, "Baffa, na ga ta karkace ne, sai na gyara."

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da tari. Ya ce shi ya ɗinka ta. Yana da shekara goma sha biyu, Kaka ya tafi ta'aziyya Yola ya bar rigar a kan buzu, allura a soke. Shi kuma yana ganin ya iya, ya ɗauka ya ci gaba. Zaren tsamiya ya ƙare masa a tsakiya, ya shiga ɗaki ya samo farin zaren auduga na Inna ya ƙarasa. Da Kaka ya dawo ya gani, ya murɗe masa kunne har sai da ya ga taurari, amma bai warware ɗinkin ba. Ya sa rigar a haka ya je idi da ita shekara da shekaru, in an tambaye shi sai ya ce aikin almajirinsa ne.

Baffa bai zama maɗinki ba, fatauci ya yi. Wannan askar ita kaɗai ce abin da ya taɓa ɗinkawa a rayuwarsa, kuma ita ce na share da dannawa biyu. Garin gyaran gira na tsone ido.

Daga nan ya bi da ni sauran aikin, yatsansa a kan rigar. Askar farko ta fi ta biyar tsawo da kusan rabin yatsa, da gangan, don aljihu yana ja ƙasa in an sa abu a ciki. Tambarin ba da'ira ce cikakkiya ba, ya ɗan baje a gefen da ke kusa da haɗin ƙyalle, saboda allura ba ta son ratsa kauri. Duk abin da na ɗauka kuskure ne, da dalilinsa. Na ciro biro na rubuta a bayan takardar gwajin.

Da zan tafi ya ce, "Ka mayar mini da askata yadda take. Kar ka ƙara mata kyau."

Na ce, "In sha Allahu, Baffa."

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na raba tagwayen da uwarsu, kowace aska ta koma cin gashin kanta. Ina bin hoton ƙulli bayan ƙulli. Tambarin shirye na jefar, na zana sabo da hannu, ya ci dare uku.

Ɗinkin da ke maimaita kansa shi ya fi ba ni aiki. Na mayar da shi layuka na gaske, sannan na riƙa ture wasu, in tsawaita wasu, in gajarta wasu. A aska ta huɗu kuwa ban yarda da maimaitawa ba sam. Ɗinki ɗari biyu da 'yan kai, kowanne na bi shi a inda yaron nan ɗan shekara goma sha biyu ya soka allurarsa. Ana ganin inda ya fara da natsuwa, da inda ya gaji ya riƙa tsallake don ya gama kafin a kama shi. Ban taɓa kallon wani abu da kyau irin haka ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shiga, zafin Garwa ma ya shigo da ƙarfinsa. Da rana ba a taɓa kwamfutar, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Aiki sai bayan asham, wani lokaci bayan sahur.

Yanzu saura jikin rigar. Na gwada yin saƙin da bekta, murabba'ai shuɗi da fari jere, ya fito kamar ledar shimfiɗa ta tebur. Shuni ba launi ɗaya ba ne. Inda rana ta ci ya koɗe, inda aka ninke ya yi duhu, wajen wuya akwai ƙyallin da gumi da shekaru suka bari. Wannan aikin rasta ne, aikin buroshi. Na koma Krita.

A nan lissafi ya tare ni. Masu buga takardu suna son ɗigo 300 a kowane inci. A2 a haka ɗigo 4961 ne a 7016, kusan miliyan 35. Kowane ɗigo yana cin bayit huɗu, ja da kore da shuɗi da kuma na huɗu mai faɗin ko ana ganin abin da ke ƙasa, wato shimfiɗa ɗaya tak ta kusa mega 140. Na buɗe shida, tsohuwar ta sandare, ko kibiyar da ake nuni da ita a fuskarta ba ta motsi. Ba laifinta ba ne, na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Na sauko zuwa 150. Ya zama 2480 a 3508, daidai da A4 a 300, shimfiɗa ɗaya wajen mega 35. Abin da za a rataye a bango a kalla daga taku biyu ko uku, ido ba zai ga bambanci a jikin ƙyalle ba. Aikin zaren kuwa, wanda mutum zai matso ya ƙura wa ido, yana nan a bekta da kaifinsa. Kowa ya tsaya a inda ya fi ƙarfi.

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗauki ɗan yanki mai lafiya daga hoton rigar, na yi buroshi da shi, na shafe fili duka. Sannan na bi da hannu ina sa duhu a haɗin ƙyallaye. Ramukan asu na yi ta kai da kawowa a kansu. A ƙarshe na bar uku na rufe sauran, don asu ba aikin kowa ba ne.

Na fitar da ƙyallen a fayil ɗin hoto irin PNG, ba JPEG ba, don JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi. Na shigo da shi Inkscape a ƙarƙashin zaren. Da farko zaren ya yi kamar yana shawagi a sama, sai da na sa masa 'yar siririyar inuwa a gefe ɗaya ya zauna. A ƙasa na rubuta: Aikin hannun Kaka, da aska ɗaya ta ɗansa.

Asabar, 22 ga Maris

Maɗaba'a. Ba zan faɗi wacce ba. Na kai PDF a filas, yaron da ke kan kwamfuta ya buɗe a tasa manhajar, ya ce in dawo bayan azahar. Na dawo na tarar ya riga ya buga, kuma a kan bash, irin ledar da ake tallan ɗaurin aure da ita, alhali takarda na ce. Kalmar ɗansa da na rubuta a ƙasa ta zama murabba'i da ansa, don kwamfutarsu ba ta da irin harafin da na yi amfani da shi, wanda suka maye da shi kuma bai san ɗ ba. Abin mamaki a garin da Fulatanci ma da ɓ da ɗ ake rubuta shi. Shuɗin kuwa ya koma wani ruwan toka mai shunayya, kamar rigar ta kwana a ruwan omo.

Na harafin laifina ne rabi. Da na mayar da rubutun zane kafin in fitar, da Shift+Ctrl+C, da babu ruwansa da haruffan da ke kwamfutar wani. Na launi kuma dole ce ta halitta: fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuma da tawada huɗu, kuma akwai shuɗi mai zurfi da tawada ba ta iya kaiwa. Na bash dai nasu ne ɗungurungum. Muka yi ta ja, da azumi a bakina, a ƙarshe na biya rabi na naɗe ledata na fito.

Laraba, 26 ga Maris

Krita na da hanyar nuna maka yadda launi zai koma a tawada tun kafin a buga, Ctrl+Y. Da na kunna, ga ruwan tokar nan ya bayyana a gabana. Na rage ja a cikin shuɗin, na ƙara masa duhu maimakon ƙyalli.

Na canza maɗaba'a, na je wata a wajen Pumpumre. Wannan karon na yanka ƙananan murabba'ai shida na shuɗi daban-daban a takarda ɗaya, na sa aka buga mini ita tukuna. Na kai gidan Baffa na ɗora a kan rigar a hasken rana. Na huɗu ya fi kusa. Da shi aka buga babban, a takarda mai kauri marar ƙyalli, ina tsaye a kan mai injin har ta fito.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bai samu shiga zaure kafin sallah ba, mai yanka gilashi ya tafi ƙauye. Shekaranjiya aka rataye.

Baffa ya tsaya a gabansa, hannu a baya. Ya matso har tabaransa ya kusa taɓa gilashin, daidai aljihu. Ya ƙirga wani abu da leɓɓansa. Sannan ya juya ya ce wa yaran da ke wurin su kira Gwaggo.

Gwaggo ta zo tana ɗingishi, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce shuɗin bai kai ba, na Baba ya fi haka baƙi ranar da aka dawo da rigar daga marina. Na ce, "Gwaggo, yadda take yanzu na bi." Ta ce ita yadda take da ta sani. Sai ta tambaya ina bayan rigar, ai akwai wani tambarin babba a baya, tsakanin kafaɗu, wanda ya fi na gaban wuya.

Ban ɗauki hoton bayan ba. Ko juya ta ba mu yi ba ranar, don tsoron kafaɗar da ke rabuwa. Baffa ya ce in zo Asabar mai zuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi, in taho da ƙanwata da farin zanen gado da za a juya rigar a kai.